Tafkin Guntersville: Inda ake kama kifi a mayar da shi ruwa

A arewa maso gabashin jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani tafki mai suna Guntersville, wanda babu kamarsa a girma a duk jihar. Idan Allah ya kai ka can a watan Maris ko Afrilu, mai karatu, za ka ga abin da zai ɗaure maka kai. Mutum ne zai taso daga wata jiha mai nisa, ya kashe kuɗin mai da na masauki, ya wuni cikin sanyi a ƙaramin jirgi, ya kama kifin da zai ishi gida guda miya, sai ya ɗaga shi a ɗauke su hoto, ya sunkuya ya mayar da shi ruwa. Ga wanda ya tashi a inda kifi ke nufin abincin dare ko kuɗin cefane, wannan ya yi kama da wauta. Amma biyo ni mu zaga tafkin, ka ga abin da wannan al'ada take riƙe da shi.

Tafkin da aka yi da hannu

Shekaru 100 da suka wuce babu tafki a wurin, sai Kogin Tennessee da gonaki da dazuzzuka a gaɓarsa. A 1933 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar raya kwarin kogin, wadda ake kira TVA, domin ta magance ambaliya, ta samar da lantarki, ta kuma buɗe hanyar jiragen dakon kaya. An fara gina madatsar Guntersville a 1935, aka gama a 1939. Sai da aka tashi fiye da iyalai 1,000 daga gidajensu kafin ruwa ya taso ya shanye ƙasar.

Yau tafkin ya miƙe kimanin kilomita 120, faɗin ruwansa kuma ya kusa murabba'in kilomita 280. Tafkin Kainji ya ninka shi fiye da sau huɗu. Abin da ya sa Guntersville ya yi suna shi ne rashin zurfinsa. In ka bar tsakiyar kogi inda manyan jirage ke bi, yawancinsa fili ne shimfiɗaɗɗe da rana ke iya kaiwa ƙasansa, ga kututturan itatuwan da aka sare, ga tsofaffin hanyoyin mota da ruwa ya binne, ga ciyawar ruwa kamar gona. Ruwan kuma ba ya hawa da sauka sosai tsakanin sanyi da zafi, don haka ciyawar take samun zama. Inda ciyawa ta yi yawa ƙananan kifaye suke ɓuya, inda suka ɓuya kuma nan manya suke farauta.

Daga birnin Huntsville, inda babban filin jirgin sama mafi kusa yake, tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Za ka gangaro daga tudu, ka hau doguwar gada, sai ga garin Guntersville zaune a kan wani tsiri da ruwa ya kusa kewaye shi. Ko ba a faɗa maka ba za ka gane sana'ar garin: motoci janye da jirage, shagunan ƙugiya da zare, da masaukan baƙi masu wurin cajin batirin jirgi a bakin ɗakuna.

Kifin da ake zuwa dominsa

Sunansa bas, ba kuwa motar haya ba. Ka ɗauka ƙaramin giwan ruwa ne mai koren baya da farin ciki, da wani baƙin zane a tsawon jikinsa. Bakinsa wangameme ne, babba daga cikinsu sai ka sa dunƙulen hannunka a ciki. Mafarauci ne mai kwanton ɓauna. Yana laɓewa a gindin ciyawa ko kututture, abin da ya gifta ya zuƙe shi, ko ƙaramin kifi, ko kwaɗo, ko wani ɗan jatan lande na ruwan daɗi mai hannuwa irin na ƙaguwa. Wanda aka saba kamawa yana tsakanin kilo ɗaya da biyu. Mai kilo huɗu kuwa sai an yi mako ana labarinsa, kuma kusan kullum mace ce, domin macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba. Wanda ya kafa tarihi a duniya, mai kilo 10 da 'yan kai, wani matashin manomi George Perry ne ya kama shi a jihar Jojiya a 1932. Ba a yi kunnen doki da shi ba sai a 2009, lokacin da Manabu Kurita ya kama mai irin wannan nauyi a tafkin Biwa na Japan. Jihar Alabama kuwa tun 1975 ta ayyana bas a matsayin kifinta na ruwan daɗi.

Masu fatsa suna ƙaunarsa ne saboda faɗansa. Da ƙugiya ta kama shi sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai da baki buɗe, sau da yawa kuma ya tofar da ƙugiyar a gabanka.

Bazarar da ba irin tamu ba

Kada kalmar bazara ta ruɗe ka. A can tana nufin watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da hunturu ya ja baya, itatuwa suka fara toho, da safe ana rigar sanyi, da rana a tuɓe ta. Agogon kifin bas shi ne ɗumin ruwa. Cikin hunturu yana can wuri mai zurfi, ba ya yawan motsi. Da ɗumin ruwan ya wuce digiri 10 a ma'aunin Salsiyas, sai ya fara bin tsofaffin ƙoramu da ruwa ya binne yana matsowa gaɓa, yana ci kamar wanda zai yi doguwar tafiya. Idan ruwan ya kai tsakanin digiri 15 da 18, sai ya shiga lungunan da ba su da zurfi domin ya hayayyafa. A Guntersville wannan ya fi faruwa daga ƙarshen Maris zuwa cikin Afrilu. Tsofaffin masu fatsa ba sa jiran ma'auni: in sun ga wata bishiya mai farar fure ta cika gefen daji, ga kuma wata ya kusa cika, sun san kifi ya hau gurbi.

Shi ya sa duk mai jirgi yake sa ido a kan ma'aunin ɗumin ruwa. Lungun da rana ta fi daka, iska kuma ba ta shiga, yakan fi na kusa da shi ɗumi da digiri ɗaya ko biyu, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya tara kifi a wuri ɗaya.

Amfanin ƙaramin jirgi

A bakin ruwa za ka ga jiragen gasa masu sheƙi, da injin mai ƙarfin doki 250, suna gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ga allunan da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Kuɗin ɗaya ya fi na sabuwar mota. Kada su karya maka gwiwa. A bazara kifin yana cikin ruwan da bai wuce gwiwa zuwa ƙirji ba, kuma nan ne ƙaramin jirgi ya fi kowa sa'a.

Irin wanda talakawan wurin suke amfani da shi na alminiyam ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa mita huɗu zuwa biyar, mutum biyu ko uku yake ɗauka. A baya akwai ɗan injin fetur, a gaba kuma akwai ƙaramin injin batir da ba ya ƙara, wanda wasu ke sarrafawa da ƙafa. Wasu ma kwale-kwalen roba na mutum ɗaya suke shiga, suna tuƙi da hannu. Da irin waɗannan za ka ratsa tsakanin kututturai, ka bi ƙarƙashin ƙaramar gada, ka shiga ƙarshen lungun da babban jirgi ba zai iya ba.

Ba sai ka fita tsakiyar tafki ba. Manyan rassansa, irin su Town Creek, Brown's Creek, North Sauty, South Sauty da Roseberry, kowanne ya isa tafki mai zaman kansa, kuma akwai wuraren sauke jirgi na jama'a a kewayen tafkin. Zaɓi reshe ɗaya ka wuni a ciki. Ka fita da sassafe lokacin da hazo ke tashi daga ruwa kamar hayaƙin murhu. Zalɓe na tsaye a bakin gaɓa, shahon ruwa na shawagi, in ka yi sa'a ka ga mikiya mai farin kai, wadda Amurka ta ɗauka tambarinta. Da ka iso lungu sai ka kashe injin fetur. Jirgin alminiyam ganga ne, ko filaya ka yar a cikinsa kifi ya ji. Hausawa sun ce kifi na ganin ka mai jar koma, a wannan ruwa kuwa har jin ka yake yi.

Koton ƙarya

Yawancin masu neman bas ba sa sa tana ko ɗan kifi a ƙugiya. Koton ƙarya suke jefawa, na roba ko ƙarfe ko katako, su jawo shi yadda zai yi kamar mai rai. A farkon Maris, lokacin da ciyawa ba ta taso sosai ba, abin da Guntersville ya shahara da shi shi ne wani jan koto mai siffar kifi, da 'yan duwatsun ƙarfe a cikinsa masu kacau-kacau. Za ka jefa shi nesa, ka jawo shi ta saman ciyawa, da ya ɗan maƙale sai ka fizge. A wannan fizgar kifi ya fi kai masa cafka. Akwai kuma mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya, wanda ya fi aiki idan iska ta ɗan kaɗa ruwa. Idan kifi ya shiga lungu kuwa, sai a koma ga tanar roba. Ana soke bakin ƙugiyar a cikin jikin robar don kada ta kama ciyawa, a jefa ta gindin kututture, a bar ta ta nutse, a riƙa jan ta sannu a hankali. Cizon ba ya zuwa da hayaniya. Ɗan taɓi za ka ji a sanda, ko ka ga zaren yana tafiya gefe shi kaɗai. Sai ka ɗaga sanda da ƙarfi.

Ranar da sanyi ya dawo bayan ruwan sama, sararin sama ya yi garau, kifin yakan ja baya ya rufe baki. Irin wannan rana ba ta mai gaggawa ba ce.

Namiji a kan gurbi

Sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka miƙe tsaye a hankali, ka duba ƙasa. Za ka ga wasu da'irori masu haske kamar faifai a kan tsakuwa ko yashi. Gurbin bas ke nan, kuma namiji ne ya share shi da jelarsa. Mace takan zo ta zuba dubban ƙwai, ta ɗan jima a kusa, ta koma ruwa mai zurfi. Daga nan aiki ya koma kan uban. Shi ne zai tsaya yana yi wa ƙwan fifita da fukafukansa don laka kada ta rufe su, yana korar duk abin da ya matso. Cikin 'yan kwanaki ƙwan za su ƙyanƙyashe, ya ci gaba da gadin 'ya'yan suna yawo a dunƙule kamar baƙin hayaƙi, har su watse. A duk wannan lokaci da ƙyar yake cin abinci.

Nan ne maganar take. Kifin da ke kan gurbi ba ya gudu. In ka jefa koto a cikin gurbinsa, ka dage, zai ɗauka ko don ya fitar da shi daga kan ƙwansa. Babu lokacin da ya fi wannan sauƙin kama shi. Amma a gefen gurbin akwai wasu ƙananan kifaye masu faɗi kamar karfasa, ana kiran su bulugil, suna jira. Da ka ɗaga uban daga ruwa sai su afka wa ƙwan, cikin mintuna su yi ɓarna. In ka mayar da shi nan take, akasari yakan koma bakin aikinsa. In ka tafi da shi, gurbin ya mutu.

Amurkawa sun daɗe suna muhawara a kan wannan. A wasu jihohin arewa da sassan Kanada, inda sanyi ke gajarta lokacin haihuwar kifi, ana hana kama bas a bazara, ko a ce sai dai a kama a saki. Alabama ba ta rufe lokaci. Masu goyon bayan haka suna cewa a tafki mai ɗumi da ciyawa irin wannan, gurabun da ba wanda ya gani sun ninka waɗanda aka taɓa, kuma su kaɗai sun isa su cika ruwan. Wasu masu fatsa kuwa ko sun ga gurbi sai su wuce, su nemi kifin da bai hau ba ko wanda ya sauka. Doka ta bar wa mutum zaɓi, sai dai ta sa iyaka: a Guntersville ba a tafiya da bas ɗin da tsawonsa bai kai inci 15 ba, wato kimanin santimita 38, kuma akwai adadin da ba a wucewa a rana.

In ka kama, ga yadda ake yi. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa. Riƙe shi ta leɓen ƙasa, ba shi da haƙoran da za su yanke ka, in babba ne ka tallabi cikinsa da ɗaya hannun. Yi hattara da ƙayoyin bayansa. Kada ya daɗe a waje fiye da yadda kai za ka iya riƙe numfashinka. Ka sake shi a inda ka kama shi.

Yadda al'adar ta samo asali

Da can Amurkawa ma cinye bas suke yi. Wani mai sayar da inshora daga birnin Montgomery na Alabama, Ray Scott, shi ne ya shirya gasarsa ta farko a 1967 a tafkin Beaver na jihar Arkansas, ya kafa ƙungiyar masu kamun bas a 1968. A gasannin farko ana tara matattun kifaye tsibi-tsibi a gaban 'yan kallo, mutanen garuruwan kuma suka fara ƙorafi cewa baƙi za su ƙarar musu da ruwa. A 1972 Scott ya fara kamfen ɗin sakin kifi da rai. Aka riƙa gina wa jirage akwatin ruwa mai famfo, aka kuma sa hukuncin rage maki ga wanda ya kawo mataccen kifi wurin awo. Abin da zakarun gasa suka yi, shi 'yan kallo suka kwaikwaya.

Guntersville ya ci moriyar haka. An yi babbar gasar duniya ta kamun bas, Bassmaster Classic, a wannan ruwa a 1976 inda Rick Clunn ya yi nasara, da 2014 inda Randy Howell ya lashe da kifi 15 masu nauyin kilo 30 da ɗoriya cikin kwana uku, da kuma 2020 inda Hank Cherry ya ɗauki kofi. Kifin da aka saki yau, wani baƙo zai zo gobe ya biya kuɗin ɗaki, ya sayi mai, ya ci abinci domin ya sake kama shi. Mutanen garin sun yi lissafi sun ga kifi mai rai ya fi na cikin tukunya kawo musu kuɗi. Ba sa hana kansu cin kifi: soyayyar tarwaɗa da aka barbaɗe da garin masara tana cikin abincin da kudancin Amurka ke alfahari da shi.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗauka. Manomi ma komai yunwa ba ya cin iri.

Kafin ka sauke jirgi

Baƙo mai shekara 16 zuwa sama sai ya sayi lasisin kamun kifi na jihar, ana samunsa ta intanet ko a shagunan kayan fatsa, har da na 'yan kwanaki. Dole kowane mutum a jirgi ya kasance da rigar hana nutsewa, yaron da bai kai shekara 8 ba kuma sai yana sanye da ita. Kai ma ka sa taka. Ruwan Maris yana da sanyin da ke kashe gaɓoɓi cikin ɗan lokaci, ko ga gwanin iyo.

Tafki mai faɗi marar zurfi ba ya jure iska. Da ta taso sai igiyar ruwa ta yi tsini, ƙaramin jirgi kuma ba shi da gefe mai tsawo. Ka nisanci tsakiyar kogi, inda manyan jiragen dakon kaya ke tura ruwa kuma ba sa iya tsayawa nan take. Bazara ce lokacin guguwa a Alabama. Ranar 27 ga Afrilun 2011 guguwa mai juyi ta hallaka fiye da mutum 200 a jihar, ta kuma kayar da ɗimbin itatuwa a gandun shaƙatawa na bakin wannan tafki. Duba hasashen yanayi kafin ka fita, ka gaya wa wani reshen da za ka shiga da lokacin dawowarka, kuma da ka ji tsawa ka nufi gaɓa, domin sandar fatsa a tsakiyar ruwa gayyata ce ga aradu.

In da iyali ka zo, gandun shaƙatawar yana da ɗakunan kwana, wurin kafa tanti da hanyoyin yawo a daji. Ba nisa akwai kogon Cathedral Caverns mai ƙatuwar ƙofa, a garin Scottsboro kuma akwai shagon da ya shahara da sayar da kayan matafiyan jirgin sama da aka rasa masu su. Yara kuwa ka ba su ƙaramar fatsa da tana ta gaske su kama bulugil a bakin gaɓa, ba za su gaji ba.

Amma in son samu ne, ka ɗauki yaro ɗaya a jirgi, ka kai shi lungu mai ruwa garau, ka kashe inji, ka nuna masa uban kifin da ke tsaye a kan ƙwansa. Bar shi ya kalla na ɗan lokaci, sannan ka tambaye shi ko a jefa ƙugiya ko a wuce. Ku kuma masu karatu, musamman waɗanda suka fito daga gidajen masunta, muna so mu ji daga gare ku: a ruwan garinku, akwai lokacin da ake barin kifi ya hayayyafa, kuma har yanzu ana kiyaye shi?